Ciwon Huhu da Cutar Kawasaki a Jikin Yara Ƙanana

Lacca domin Hakimai da Malamansu

 

Maganar da za a yi a wannan lacca ta shafi cuta biyu waɗanda su ke kama yara ƙanana. Ta farko sananniya ce, watau ciwon huhu, wanda waɗansu su ke kira sanyin haƙarƙari, waɗansu kuma limoniya. Ta biyu kuwa mutane kaɗan ne suka san ta a ƙasar nan, sunanta cutar Kawasaki. Ita wannan ta kan kumbura jijiyoyin jini, har ta kai ga jijiyoyin da su ke ciyar da zuciya. Abin da ya sa aka haɗa su wuri guda shi ne, ta biyun ta kan zo wani lokaci da kamannin ta farkon, a yi ta ba yaro maganin huhu kwanaki suna wucewa, alhali kuwa zuciyarsa ce ta ke cikin hatsari. Maganinta ya fi amfani idan an ba da shi cikin kwana 10 na farko, saboda haka ƙidayar kwanaki ita ce ginshiƙin wannan magana, ita ce kuma wadda Hakimi da Malaminsa za su iya taimakawa a kai.

Ciwon huhu da alamunsa

Huhu yana da ƙananan jakunkuna masu yawan gaske waɗanda iska ta ke shiga, daga nan ta ratsa cikin jini. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga, sai jakunkunan nan su cika da ruwa da mugunya, iska ta rasa wurin zama, yaro ya dinga haki domin ya cike abin da ya rasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 wannan ciwo ya kashe yara fiye da 740,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba, watau 14 cikin ko wane 100 na yaran da suka rasu a waɗannan shekaru. Nijeriya tana cikin ƙasashen da abin ya fi yi wa ɓarna.

Ana iya gane shi a gida, ba sai da na'ura ba. A jira yaro ya natsu, a buɗe ƙirjinsa, a ɗauki agogo a ƙidaya numfashinsa na minti guda cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan ya ja numfashi sau 60 ko fiye, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11 iyakar ita ce 50, daga shekara 1 zuwa shekara 5 kuwa 40. Haka kuma a dubi ƙasan ƙirji: in yana lotsawa ciki sa'ad da yaro ya ja numfashi, wannan ma alama ce. In kuwa yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko ya yi laƙwas ba a iya tashinsa, to, lalle a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne amoksisilin, waɗanda ciwon ya tsananta kuma a kwantar da su a yi musu allura, a sa musu iskar oksijin. Abin lura a nan shi ne, ciwon huhu na yau da kullum ya kan fara jin magani cikin kwana 2 zuwa 3, zazzaɓi ya sauka, numfashi ya daidaita. Saboda haka ne malaman asibiti su ke cewa a komo da yaro bayan kwana 3 a sake duba shi. In an komo aka tarar jiki yana nan zafi rau kamar ba a ba shi kome ba, to, akwai dalili, tilas ne kuwa a neme shi. Ɗaya daga cikin dalilan ita ce cutar Kawasaki.

Asalin cutar Kawasaki

An sa mata sunan wani likitan yara ne mutumin Japan, Tomisaku Kawasaki, wanda ya yi aiki a asibitin ƙungiyar agaji ta Red Cross a birnin Tokyo. A watan Janairu na 1961 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 4 da zazzaɓi da jajayen idanu da ƙuraje, ya duba bai ga cutar da ya sani mai irin waɗannan alamu duka ba. Ya rubuta abin da ya gani ya ajiye. Da ya ci gaba da ganin irinsa sai ya dinga tarawa, har a shekarar 1967 ya buga bayanin yara 50. Likitan ya rasu a 2020 yana da shekara 95.

Da fari an ɗauka cuta ce mai wucewa da kanta ba tare da ɓarna ba. Amma a 1970, da aka bi asibitocin Japan aka tattara labarin masu ita, sai aka tarar waɗansu yara sun mutu farat ɗaya bayan an zaci sun warke. Da likitoci suka bincika gawawwakinsu suka ga jijiyoyin zuciya sun kumbura, jini ya daskare a ciki. Tun daga wannan shekara Japan ta ke yin wannan ƙidaya bayan ko wace shekara biyu, ta haka aka san cewa cutar ta yi yawa ƙwarai a 1979 da 1982 da 1986. A 'yan shekarun kafin 2020 ta kan kama yara fiye da 300 cikin ko wane 100,000 na 'yan ƙasa da shekara 5 a Japan ko wace shekara, a Amurka kuwa wajen 20.

Cutar ta fi yawa a Japan da Koriya da Taiwan, amma ba ta bar ko wace irin al'umma ba, likitocin yara na Nijeriya ma sun ba da rahoton ganinta a asibitocin koyarwa. Wajen 80 cikin 100 na masu ita ba su kai shekara 5 ba, ta kuma fi kama maza bisa mata. Masana suna ganin garkuwar jikin yaron ce ta ke harzuƙa fiye da kima, ta auka wa jijiyoyin jininsa. Ba a ɗaukar ta daga wani yaro zuwa wani, saboda haka babu dalilin ƙyamar gidan da ta shiga.

Yadda ta ke taɓa zuciya

Zuciya tsoka ce mai aiki dare da rana, ita ma tana bukatar jinin da zai ciyar da ita. Akwai jijiyoyi biyu, dama da hagu, waɗanda suka fito daga gindin babbar jijiya suka nannaɗe zuciya da rassansu. A jikin ƙaramin yaro faɗinsu bai wuce milimita 2 ko 3 ba. Idan cutar ta kumbura bangon jijiyar sai ya yi rauni, ƙarfin jini ya tura shi waje ya yi ƙululu, kamar yadda tayar keke ta kan yi ƙululu a wurin da ta yi laushi. A cikin ƙululun nan jini ya kan yi ta kewaya a hankali, har ya daskare ya toshe hanya. In hanya ta toshe, sashen zuciyar da ta ke ciyarwa sai ya mutu.

In ba a yi magani ba, wajen yaro 1 cikin 4 ya kan sami irin wannan lahani. Kusan rabin ƙululun su kan koma daidai cikin shekara ɗaya ko biyu, amma manya, waɗanda suka kai milimita 8, ba safai su ke komawa ba, mai su kuwa zai zauna a hannun likitan zuciya muddin ransa. Wani abin tsoro kuma shi ne, zazzaɓin ya kan sauka da kansa bayan mako biyu ko kusa da haka, iyaye su yi hamdala, alhali kuwa mutuwar farat ɗaya ta fi aukuwa tsakanin kwana 15 da kwana 45 daga farkon zazzaɓin.

Alamu biyar

Babu wani gwajin jini guda ɗaya da zai nuna cutar kai tsaye. Da ido da tambaya a ke gane ta. Tushenta zazzaɓi ne mai zafi wanda ya kai kwana 5, tare da huɗu daga cikin alamu biyar ɗin nan:

1. Idanu biyu su yi ja, amma babu kwantsa, babu mugunya.
2. Leɓɓa su yi ja su bushe su tsattsage, harshe ya yi ja wur da ƙananan gudaji a kansa.
3. Ƙuraje su fito a jiki, musamman ƙirji da baya da matsematsi. Ba su ɗurar ruwa. A baƙar fata jansu ba ya fita sosai, sai an duba da hasken rana an kuma shafa.
4. Bayan hannu da bayan ƙafa su kumbura su yi tauri, tafin hannu da tafin ƙafa su yi ja, yaro ya ƙi taka ƙasa. Cikin mako na biyu ko na uku fata ta fara saɓa daga gefen farce.
5. Kaluluwa ta fito a wuya, galibi gefe guda, faɗinta santimita ɗaya da rabi ko fiye.

Ban da waɗannan, yaron ya kan yi fitina da kuka wanda rarrashi ba ya tsayarwa, tabon allurar BCG da ke dantsensa kuma ya kan yi ja ya kumbura. Alamun ba su kan zo gaba ɗaya ba. Jan ido zai iya zuwa ya wuce kafin hannu ya kumbura, saboda haka abin da uwa ta gani shekaranjiya yana da amfani ga likita kamar abin da ya gani da idonsa yau. Gwanin likita ya kan iya yanke hukunci tun a kwana na 4. Jarirai 'yan ƙasa da wata 6 kuwa sau da yawa ba su nuna kome sai zazzaɓi da alama ɗaya ko biyu, ga shi kuma su ne zuciyarsu ta fi saurin lalacewa.

Inda cuta biyun su ke haɗuwa

Jijiyoyin jini suna ko ina a jiki, huhu ma cike ya ke da su. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran da ke da cutar Kawasaki su kan yi tari ko majina. Wani bincike da aka yi a Japan, aka buga a 1989, ya nuna wajen 15 cikin 100 hoton ƙirjinsu ba daidai ya ke ba: waɗansu an ga inuwa a huhu, waɗansu ruwa ya taru a gefensa. Malamin asibitin da ya ga yaro da zazzaɓi da tari da inuwa a hoto, in ya ce ciwon huhu ne bai yi wauta ba, gama shi ne abin da ya fi yawa nesa ba kusa ba. Amma kama da wane ba ta wane. Inuwar da kumburin jijiya ya kawo ba ta jin amoksisilin, ko an sake wani maganin ƙwayoyin cuta mai ƙarfi ba za ta ji ba, sai an kwantar da kumburin kansa.

Har ila yau ya kan yiwu yaro ya kamu da biyun a lokaci guda, watau yana da ciwon huhu na sosai, yana kuma da cutar Kawasaki. Samun ɗaya ba ya kore ɗayar. Haka nan gwajin zazzaɓin cizon sauro: a damina yara da yawa za a sami ƙwayar a jininsu, amma in an gama maganin kwana 3 zazzaɓi bai sauka ba, kada a tsaya a kan wannan gwaji.

Ƙyanda ita ce ta fi ruɗa mutane, domin ita ma tana zuwa da zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, ta kan kuma jawo ciwon huhu. Bambancin shi ne, idon mai ƙyanda yana hawaye da kwantsa, ƙurajenta su kan fara daga bayan kunne da fuska su gangara ƙasa, ba ta kumbura hannu da ƙafa, ta kan kuma bi yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya. Yaron da aka ce ƙyanda ce, alhali an yi masa allurarta, babu kuma wani mai ita a unguwar, ya kamata a sake duba shi. Jariri mai amosanin jini, watau sikila, shi ma hannunsa da ƙafarsa su kan kumbura, sai dai ba tare da jan ido da tsagewar leɓe ba. Rarrabe waɗannan duka aikin likita ne. Abin da a ke nema ga mutanen gari shi ne su kai yaron gabansa da wuri.

Magani

A shekarar 1984 likitocin Japan suka nuna cewa wani ruwan garkuwar jiki, wanda a ke tacewa daga jinin mutane masu yawa, yana kare jijiyoyin zuciya. Sunansa imunoglobulin. Likitocin Amurka suka tabbatar da haka a 1986, a 1991 kuma suka nuna ya fi kyau a ba da shi gaba ɗaya a zama guda. Ana sa shi ta jijiya kamar ƙarin ruwa, giram 2 ga ko wane kilo na nauyin yaro, cikin awa 10 zuwa 12. Yaro mai kilo 10 ke nan zai bukaci giram 20. In an ba da shi cikin kwana 10 na farko, masu samun lahani a jijiyar zuciya su kan ragu daga wajen 25 cikin 100 zuwa wajen 4. Ko kwana 10 sun wuce ana ba da shi muddin zazzaɓi ko kumburi yana nan, saboda haka wanda ya makara kada ya fasa zuwa.

Tare da shi a kan ba da asfirin, a ci gaba da ɗan kaɗan har mako 6 zuwa 8 domin hana jini daskarewa. Wannan kuwa sai bisa umurnin likita kaɗai, gama asfirin yana iya lahanta hanta da ƙwaƙwalwar yaron da ke fama da mura mai zafi ko ƙarambau. Kada wani ya saya a kemis ya ba yaro da kansa. Ana kuma ɗaukar hoton zuciya da na'urar da a ke kira eko, wadda ba ta da zafi ba ta kuma huda jiki: sau ɗaya a farko, sa'an nan bayan mako 1 zuwa 2, sa'an nan bayan mako 4 zuwa 6. Yaron da aka sa wa imunoglobulin a kan jinkirta masa allurar ƙyanda har wata 11, sai dai in likita ya ga ana annobarta ya ce a yi.

Gaskiyar magana, wannan ruwa yana da tsada ƙwarai, ba ko wane asibiti ne ya ke ajiye shi ba, na'urar eko da gwanin duba zuciyar yara kuma sai manyan asibitoci, irin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Neman kuɗi da neman maganin su ma suna cin kwanaki.

Aikin Hakimi da Malaminsa

A dubi yadda kwanakin su ke tafiya. A ce zazzaɓi ya fara ran Litinin 3 ga wata. An ba da maganin cizon sauro kwana 3, ranar Laraba an gama. Ran Alhamis aka kai ɗakin shan magani aka karɓo amoksisilin, aka yi ta sha har Asabar. Kwana 6 sun tafi ke nan. Lahadi babu aiki, ran Litinin kwana 8, mai gida kuma yana jiran ranar kasuwa ya sayar da akuya. Kwana na 10 shi ne Laraba 12 ga wata. Babu wanda ya yi sakaci a cikin wannan lissafi, duk da haka lokaci ya kusa ƙurewa. Da a ce wani ya riƙe ƙidayar, da tun ran Juma'a 7 ga wata, kwana na 5, an san lokacin tafiya babban asibiti ya yi.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su taimaka da abubuwa biyar.

Na farko, a sanar da Dagatai da Masu Unguwanni da Limamai, su kuma su sanar da jama'a a masallatai da wuraren suna, cewa duk yaron da ya kwana 5 da zazzaɓi a kai shi gaban likita, ko da ana cikin ba shi magani. Unguwarzoma su kai wannan magana cikin gidaje, domin mata ne su ke ganin alamun da fari.

Na biyu, Malamin Hakimi ko malamin Dagaci ya rubuta wa iyaye 'yar takarda su tafi da ita: ranar da zazzaɓi ya fara, da magungunan da aka sha da ranakunsu, da ko wace alama da aka gani ko da ta wuce. In iyaye sun manta kwanan wata, a tuna musu da ranar kasuwa ko ranar Juma'a. A tafi da kwalayen magani da katin rigakafi. In akwai mai waya, ya ɗauki hoton ido da leɓe da hannun yaron ya nuna wa likita.

Na uku, a shirya abin hawa da gudummawa tun kafin bukata ta taso. Hakimin da ya yi magana da shugabannin direbobi da attajiran gundumarsa tun da wuri, ba zai rasa mota da kuɗin mai ba ran da aka buga masa ƙofa. Mai gidan da ya yi tafiya kuma ya bar izini a kai yaro asibiti ba sai an jira komowarsa ba.

Na huɗu, a ja hankalin iyaye da wanzamai cikin ladabi, kada a cire wa yaro belu domin bakinsa ya yi ja, kada kuma a yi masa tsaga ko sakiya a haƙarƙari ko a wuya. Yin haka yana zubar da jinin da yaron ya ke bukata, yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, yana kuma cin kwanaki.

Na biyar, a ƙarfafa rigakafi. Cutar Kawasaki ba ta da allurar rigakafi, amma ciwon huhu yana da ita. Nijeriya ta shigar da allurar nan mai kare cuta biyar a 2012, da allurar ƙwayar limoniya a 2014, ga kuma ta ƙyanda da a ke yi a wata 9 da wata 15, duk kyauta a asibitocin gwamnati. Shayar da nono zalla har wata 6 da nisantar da jarirai daga hayaƙin murhu su ma suna rage ciwon. Garin da aka yi wa yaransa allura, ƙyanda da limoniya za su ragu a cikinsa, in baƙuwar cuta ta shigo kuma ta fi saurin ganuwa.

Yaron da aka sallamo daga asibiti, Mai Unguwa ya dinga tuna wa iyayensa ranar komawa hoton zuciya, ko da sun ga yana wasa garau. Malami kuma ya shigar da sunan garin da kwanan watan a littafinsa, ya ba jami'in lafiya na ƙaramar hukuma in ya zo rangadi. Da irin wannan rubutu aka gano cutar tun farko, da shi ne kuma likitocin ƙasar nan za su san yawanta a gundumomi.

Allah ya raya yara, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya taimaki Sarki da Hakimansa bisa riƙon jama'a, amin.